Bursin karatun sulhu da hulɗar ƙasashe: inda kuɗin suke, da inda ɗan Damagaram ke tuntuɓe

Duk shekara, da zarar an kafe sakamakon lisans a Jami'ar André Salifou, sai sanarwar bursi ta cika wayoyin ɗalibai. Wannan ya turo ta Ingila, wancan ta Turkiyya, wani ma ya turo wadda aka rufe tun bara. Waɗanda suka karanta labarin ƙasa ko ilimin zamantakewa a nan, ko shari'a a Yamai da Tawa, sukan karkata ga fanni biyu: hulɗar ƙasashe, da nazarin rikici da sulhu. Kuɗin karatu a fannonin nan akwai su, wasu ma suna biyan komai tun daga tikitin jirgi har kuɗin haya. Sai dai masu bayarwa suna da irin mutumin da suke nema, kuma dosiye da yawa na faɗuwa tun a matakin tantancewa, kafin wani malami ya karanta layi ɗaya na abin da mai nema ya rubuta.

Da farko mutum ya san fannin da yake nufi, domin masu tantancewa suna gane wanda ya cakuɗa su. Hulɗar ƙasashe gwamnatoci take dubawa: diflomasiyya, yarjeniyoyi, Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Afirka. Nazarin sulhu ya fi sauka ƙasa, yana tambayar me ke hura wutar rikici tsakanin jama'a, yaya ake kashe ta, me ke sa ta sake tashi bayan an sa hannu. Ko a cikinsa makarantu sun bambanta. Sashen Jami'ar Uppsala a Suwidin, wanda ya yi suna wajen ƙididdigar yaƙe-yaƙen duniya, yana son mai juriyar lissafi da dabarun bincike. Na Bradford a Ingila, wanda aka buɗe a 1973, ya fi jan ma'aikatan ƙungiyoyi da masu shiga tsakani. A ganinmu ɗan Damagaram ya fi ƙarfi a nazarin sulhu, domin abin da ake koyarwa a can cikin littafi, shi a ƙofar gidansu ya gan shi.

Kalmar bursi kuma abu uku take rufewa. Akwai cikakkiya, mai ɗaukar kuɗin makaranta, na ci da na kwana, inshorar lafiya da tikiti. Akwai rangwame, inda jami'a ke yafe rabin kuɗin makaranta ko dukansa, sauran ɗawainiya ta bar wa ɗalibi. Akwai kuma tallafin bincike, wanda ake ba mai rubuta kundi don ya yi aikin fili. Na biyun nan ne ke ruɗar iyaye. Yaro ya samu takardar karɓa da rangwamen rabi, gida ya ɗauki murna, har a fara maganar sayar da fili ko tumaki, alhali ofishin biza ba zai kalli takardar ba sai an nuna kuɗin zama. Jamus, tun Satumban 2024, tana neman a ajiye yuro 11,904 na shekara ɗaya a asusun da ake kullewa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, ke nan kuɗin sun haura miliyan 7 da jika 800. Faransa ta daɗe tana neman shaidar yuro 615 a wata, wajen jika 403. Wanda gidansu ba su da wannan ƙarfi, ya tsaya kan cikakkiyar bursi kawai, kada ya ɓata ƙarfinsa a kan sauran.

Tambaya ta gaba, wadda ya kamata a yi kafin a cika ko da gurbin suna, ita ce ko Nijar na cikin jerin ƙasashen da aka buɗe wa. Kusancinmu da Kano ya sa sanarwar da aka yi domin ƴan Najeriya tana yawo a wayoyinmu. Duk bursin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ba tamu ba ce, Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Siyasar shekarun nan ma ta sauya taswirar. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ta kuma sanar da barin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris na shekarar, saboda haka duk shirin da aka keɓe wa ƴan ƙasashen waɗannan ƙungiyoyi sai an karanta sharaɗinsa na bana, ba na shekarun baya ba. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon Janairun 2024. Amurka kuma, a Disamban 2025, ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza. Muddin matakin na nan, bursi mai kyau irin ta Cibiyar Kroc a Jami'ar Notre Dame ba za ta kai mai fasfon Nijar aji ba, ko da an zaɓe shi. Jami'a tana ba da gurbi, amma shiga ƙasa a hannun ofishin biza yake.

Bursin da ta fi shahara a fannin sulhu ita ce ta ƙungiyar agaji ta Rotary, wadda ɗalibanta na farko suka fara a 2002. Kowace shekara tana ɗaukar har mutum 50 daga duniya baki ɗaya don masta, a Bradford, Uppsala, Jami'ar Queensland a Ostareliya, Jami'ar ICU a Tokiyo, da haɗin gwiwar Duke da Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka. Ana buɗewa a Fabrairu, a rufe ranar 15 ga Mayu, sakamako ya fito wajen Nuwamba, karatu kuma sai shekarar da ke biye. Tana biyan kuɗin makaranta, ci da kwana, zuwa da dawowa, har da aikin koyon sana'a a fili. Sharuɗɗanta: lisans, Ingilishi, da aƙalla shekara uku na cikakken aiki a harkar sulhu ko raya ƙasa. Membobin Rotary da ma'aikatanta da ƴaƴansu ba sa shiga. Bayan an zaɓi mutum, sai ya sake neman gurbi a jami'ar da kansa, kuma tana iya ƙin sa idan makinsa bai kai ba. Akwai kuma shirin satifiket na shekara ɗaya a Jami'ar Makerere ta Kampala, wanda aka keɓe wa masu aiki a Afirka. Yawancinsa ta intanet ake yi, da ɗan zama a Kampala, ana neman shekara biyar na aiki. Ma'aikacin ƙungiya ko na gwamnati mai iyali, wanda ba zai iya barin aiki shekara biyu ba, wannan ya fi dacewa da shi.

Akwai sharaɗi ɗaya na Rotary da mutane ke tsallakewa: dole a samu tazarar shekara uku tsakanin ƙarshen karatun digirin da mutum ya yi na baya da ranar fara bursin, kuma wanda ke cikin karatu yanzu ba ya nema. Ke nan wanda ya ce bari ya yi rajistar masta a nan gida kafin Allah ya kawo bursi, ya mayar da agogonsa baya bai sani ba. A nan lissafin ke rikicewa, domin kowace bursi da nata agogo, kuma ba hanya ɗaya suke tafiya ba. Eiffel ta Faransa ta daɗe tana tsayawa a shekara 25 don masta, kuma jami'ar ce ke gabatar da ɗalibi, ba shi ke nema ba. Ta gwamnatin Turkiyya tana son wanda bai kai 30 ba. Jami'ar Tarayyar Afirka ta sa 30 ga maza, 35 ga mata. DAAD ta Jamus ba ta cika maganar shekarun haihuwa ba, amma tana son diploma da ba ta wuce shekara shida ba. Chevening ta Birtaniya da Rotary ba su da iyakar shekaru, aiki suke ƙirgawa. Yanzu a ɗauki ɗalibin da yajin aiki da jinkirin shekarar karatu suka sa ya gama lisans yana da 26. A ma'aunin shekara 25, Eiffel ta wuce shi tun kafin ya riƙe takardarsa. Yana da shekara uku da ɗoriya a ƙofar Turkiyya. Daga shekara ta biyu bayan lisans Chevening ta buɗe masa, a ta uku Rotary, a ta shida DAAD ta rufe. Tsakanin shekara ta uku da ta shida ne ƙofofi suka fi yawa a buɗe, kuma abin da ya yi a shekara biyun farko shi zai yanke masa hukunci. Hidimar ƙasa ta shekara biyu aiki ce da ake ƙirgawa, saboda haka wanda ke da wannan buri ya yi ƙoƙari a tura shi inda aikin ya shafi filaye, matasa, shari'a ko ƴan gudun hijira, ya kuma karɓi takardar shaida mai ranar farawa da ranar gamawa.

Chevening ta gwamnatin Birtaniya masta ce ta shekara ɗaya. Ana buɗe ta a Agusta, kuma ranar rufewa ta matso zuwa Oktoba a baya-bayan nan, saboda haka kada a dogara da tsohuwar al'adar Nuwamba. Tana neman awa 2,800 na aiki, wato mako 70 ga mai yin awa 40. Aikin sa-kai da na koyon aiki duk suna shiga, amma shafin da kansa ke tara awannin, idan suka gaza ko da kaɗan ne na'ura ce ke fitar da mutum. Ana zaɓen kwas uku, kuma kafin wa'adin watan Yuli dole ɗaya daga cikin jami'o'in ta ba da karɓa marar sharaɗi. Nan ne mutane ke faɗuwa bayan sun ci ganawa: Chevening kanta ta daina neman jarrabawar Ingilishi, amma jami'a ba ta cire sharaɗinta sai ta ga sakamakon. Bayan karatu kuma wajibi ne a dawo gida shekara biyu.

A Jamus, shirin Helmut Schmidt na DAAD shi ya fi kusa da fanninmu. A cikinsa akwai mastar nazarin sulhu da rikici ta Magdeburg da makarantar Willy Brandt ta Erfurt. Ana nema daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli, kai tsaye wurin jami'o'in, kwas biyu kacal, kuma ana koyar da Jamusanci kafin a shiga aji. Kuɗin wata yuro 992 ne, wajen jika 650. A kunnen mutumin Birni ko Zango kuɗi ne masu yawa, amma a can hayar ɗaki ɗaya na iya cinye kusan rabi. Muna faɗar wannan ne domin ƴan'uwa su sassauta wa ɗalibi, kuɗin an auna su ne daidai cikin mutum ɗaya. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana ba da yuro 1,400 a wata har wata 24, ana karatu a ƙasa biyu ko fiye, ana nema galibi tsakanin Oktoba da Janairu, kuma jerin kwasa-kwasan da ke da kuɗi yana sauyawa kowace shekara. Ga wanda Faransanci kaɗai yake ji, bursin ARES ta Beljiyam ta daɗe da Nijar cikin jerinta, tana neman shekara biyu na aiki.

Turkiyya tana buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tana ba da masauki da inshora da shekara guda ta koyon harshe. Makin da take nema don masta 75 ne cikin 100, wanda idan aka juya shi kai tsaye 15 ne bisa 20, kuma kowa ya san yadda 15 ke da wuya a jami'o'inmu. Bursin haɗin gwiwa da ƙasashe irin Maroko da Aljeriya ke ba Nijar kuwa ta ANAB, hukumar bursi ta ƙasa, suke bi, sanarwarsu kan zo da gajeren wa'adi. Yamai na da nisan wajen kilomita 900 daga nan, saboda haka mai nema ya ajiye kofen takardunsa da aka buga wa hatimi wurin wani amintacce a can tun kafin sanarwa ta fito.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin a nan Ingilishi ne. Ko a Jamus, Suwidin da Japan da Ingilishi ake koyar da fannin nan, manyan mujallunsa ma da shi ake buga su. Yawancin jami'o'i na neman 6.5 a jarrabawar IELTS, wasu 7, kuma sukan sa mafi ƙarancin maki a kowane ɓangare huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Mutum na iya samun 6.5 a jimla amma 5.5 a rubutu ya kayar da shi. Rubutun ne ke wahalar da ƴan makarantar Faransanci, domin an koya mana doguwar shimfiɗa kafin a kai ga magana, su kuwa suna son a faɗi matsaya a layin farko sannan a kawo hujja. Sakamakon shekara biyu yake aiki, kada a yi jarrabawar da wuri har ta mutu kafin ranar shiga aji. British Council na shirya ta a Kano, kuma ga ɗan Damagaram Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. TOEFL tana da nau'in da ake yi a gida ta kwamfuta, mai sa ido yana kallo ta kamara, ɗaki a rufe, ba kowa a ciki. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ana tsakiya, kuɗin na iya tafiya a banza. Wanda zai yi ta a nan ya nemi ofis mai sola, ya gwada layin a daidai lokacin da zai zauna, kwana biyu ko uku a jere. Wanda yake da Ingilishin lise kawai ya ware wata shida zuwa tara, awa ɗaya kullum, yana rubutawa wani malami na gyara masa.

Takardu kuwa, matsalarsu ta fi ta maki kashe dosiye. A jera su a tabarma a duba harafi bayan harafi: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, bak, lisans, fasfo. Sau da yawa za a tarar Mahaman ne a ɗaya, Mamane a ta biyu, Mahamane a ta uku, ko sunan uba ya riga na yanka a wata, a wata ya biyo baya. A nan gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikaciyar da ke zaune a Bon ko Landan mutum uku take gani. Haka ranar haihuwa: wanda aka yi wa takarda daga baya a kotu, aka rubuta shekara kawai, fasfo kuma ya sa 1 ga Janairu, dole ya bi abin da fasfo ya ce a kowane gurbi. Gyaran suna ko karɓar shaidar cewa mutum ɗaya ne yana ɗaukar makonni, a fara shi tun kafin a buɗe nema. Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata uku take aiki, ita ce ta ƙarshe da za a karɓa.

Takardar cin jarrabawa ta wucin gadi tana wadatarwa wajen nema a wurare da yawa, amma ranar rajista ainihin diploma ake so a gani, don haka a fara bin sawunta da wuri. Takardun maki na kowane zango shida ake buƙata, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba. Fassara zuwa Ingilishi sai ta mai fassarar da hukuma ta amince da shi, mai hatimi, kuma a haɗa ta da ta asali a fayil ɗaya. Kada mai nema ya juya makinsa da kansa zuwa ma'aunin wata ƙasa, ya rubuta 13 bisa 20 yadda yake, jami'a na da teburinta. Jami'o'in Ingila galibi suna sa iyakarsu tsakanin 12 da 14, kuma wasu, musamman na Amurka, suna ganin lisans ta shekara uku ba ta cika ba sai an ƙara shekarar farko ta masta. Wasiƙa gajera zuwa ofishin karɓar ɗalibai tana warware wannan kafin a kashe ko dala.

Idan dosiye ya tsallake duk wannan, sai a zo ga wasiƙar bayyana manufa, kuma a nan ne muke da abin da wasu ba su da shi, amma muke ɓoye shi. Yawanci ana buɗewa ne da cewa Sahel na fama da ta'addanci da talauci da sauyin yanayi, mai nema kuma yana ƙaunar zaman lafiya tun yana yaro. Mai tantancewa ya karanta irin wannan sau ɗari kafin azahar. Abin da bai karanta ba shi ne yadda ake tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi, da abin da ke faruwa idan garke ya sauko daga Tanut kafin a kwashe gero. Bai san yadda burtali ke ƙanƙancewa kowace damina ba, ko yadda kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suke zama da mai gari da wakilin makiyaya su auna ɓarna su yanke diyya, ko inda dokar kiwo ta 2010 ta tsaya a takarda. Bai san cewa sarakunan gargajiya a Nijar doka ta ba su ikon sasantawa ba, har a rubuta takardar sulhu kafin magana ta kai kotu. Ga samarin fada da na fale a Kara-Kara da abin da ya biyo bayan tarzomar Janairun 2015. Ga matan Kance da hanyar Aljeriya, da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013, da dokar safarar baƙin haure ta 2015 wadda aka soke a Nuwamban 2023. Ga wasan taubasantaka da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin masta.

Tsarin wasiƙar mai sauƙi ne. A ɗauki matsala ɗaya, a faɗi abin da mai nema ya yi a kanta da hannunsa, a ina, da su wa, me ya fito. Sannan a faɗi inda iliminsa ya ƙare, wato abin da ya kasa warwarewa, a nuna darasin da ke cikin kwas ɗin wanda zai cike gurbin, da sunansa kamar yadda yake a shafin jami'ar. A rufe da aikin da zai yi shekara biyu bayan dawowa, aikin da hankali zai ɗauka. Al'adarmu ta kunya tana sa mu ce “mun yi”, alhali su suna son su ji me kai ka yi, me ke kika yi. Faɗar gaskiyar aikinka ba yabon kai ba ne. Kada kuma a ƙara gishiri, domin a ganawa za a tambayi kowane layi. Wasiƙar da aka kwafo daga intanet ko na'ura ta rubuta tana fitar da mutum kai tsaye a shirye-shirye da dama.

Masu ba da shaida mutum biyu ake so galibi, malami ɗaya da shugaban wurin aiki ɗaya. Malamin da ya duba kundinka ya fi babban mutumin da bai san ka ba amfani. A je a gaishe shi wata biyu kafin wa'adi, a kai masa tarihin aiki da wasiƙar manufa, a ce, “Malam, saƙo zai shigo maka ta imel daga wurinsu, don Allah a duba har akwatin tarkace.” Shaida da yawa a can take maƙalewa har wa'adi ya wuce.

Bai kamata a raina hanyar Afirka ba, wani lokaci ma ita ta fi. Cibiyar mulki da ilimin zamantakewa ta Jami'ar Tarayyar Afirka tana Jami'ar Yawunde ta Biyu, tana ba da cikakkiyar bursi a fannin mulki da haɗewar yanki. A Yawunde ɗin akwai IRIC, wadda ke horar da jami'an diflomasiyya tun 1971. Adis Ababa na da cibiyar IPSS ta nazarin sulhu da tsaro, Akara na da Cibiyar Kofi Annan, Bamako na da makarantar Alioune Blondin Beye, Ibadan na da tsohon shirin nazarin sulhu. Cibiyar ALC ta horar da shugabanni, mai haɗin gwiwa tsakanin Nairobi da Kwalejin King's ta Landan, tana ɗaukar matasan Afirka, da kulawa ta musamman ga mata. Waɗanda ba su da bursi a cikinsu kuɗinsu bai kai na Turai ba, kuma ma'aikacin ƙungiya na iya neman wurin aikinsa ya biya daga kasafin horarwa. Masta da aka yi da Ingilishi a Najeriya ko Gana tana buɗe ƙofar dakta a waje fiye da yadda ake zato.

A matakin dakta tsarin ya juya: malami ake fara samu, kuɗi su biyo baya. A rubuta shawarar bincike mai shafi biyar zuwa goma, a aika wa malamin da aka karanta aikinsa, a nuna masa inda tambayarka ta haɗu da tasa. CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka a Dakar, da shirin APN na masu binciken gina zaman lafiya a Afirka suna tallafa wa aikin fili da rubutu, cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai kuma wuri ne na koyon binciken fili da saduwa da malaman waje masu aiki a kan Nijar. Abin da ke kashe shawarar bincike a fanninmu shi ne alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Jihar Difa na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, kuma kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ba zai amince ɗalibi ya ce zai shiga daji ya gana da masu ɗauke da makamai ba. A zaɓi filin da za a iya shiga da izinin hukuma, a bayyana yadda za a ɓoye sunayen waɗanda aka zanta da su da inda za a adana muryoyinsu.

Ko cikakkiyar bursi tana da kuɗin da ke fita daga aljihu kafin a samu: fasfo, jarrabawar Ingilishi, fassara, hatimi, mota zuwa Yamai ko Kano, wani lokaci har tafiya wata ƙasa idan ƙasar da za a je ba ta karɓar takardun biza a Yamai. Biyan kuɗin jarrabawa ta intanet na buƙatar katin banki irin Visa, a tanade shi da wuri. Amma Rotary, Chevening, DAAD da bursin Turkiyya ba sa karɓar ko dala wajen nema, kuma ba su da dillali. Duk wanda ya ce a tura masa jika hamsin ya sa sunanka a jeri, ko ya aiko saƙon taya murna kan bursin da ba ka nema ba, ɓarawo ne. Idan takardar nasara ta zo, a tambaye su abu biyu a rubuce kafin a yi sallama da wurin aiki: shin su ke sayen tikiti ko ɗalibi ke saye su mayar masa daga baya, kuma yaushe kuɗin wata na farko ke shiga. A wurare da yawa sai an buɗe asusun banki a can, abin da kan ɗauki makonni, alhali mai gidan haya yana neman kuɗin ajiya tun ranar da aka karɓi makulli.